Habasha Ba Ta Maido Miji

"Kwana fuɗu! Kwana fuɗu da dawowarka, Yaya Mutawakkil, ko ƙofar gidanmu ba ka taka ba!"

Mas'uda na laɓe bayan rumbun gero a gidansu na Sanyinna, waya a kunne.

"Ki yi haƙuri, sahibata... akwai abin da nika yi. In ya kammala za ki ji."

"Mi kaka yi? Kai da wa?"

"Ba maganar waya ba ce."

"Da Rauda ko?"

Bai musa ba. Wannan kuwa ya fi mari ciwo. Ta kashe wayar ta zauna daɓas a ƙasa.

Mutawakkil, saurayinta da ya riga ya kawo kayan aure, ɗan ajin ƙarshe ne a sashen tarihi na jami'a. Su goma sha biyu aka zaɓa aka kai ƙasar Habasha na sati biyu, su ga wuraren da sojojinmu suka gwabza a yaƙin duniya na biyu. Malaminsu ya ce yaƙi ba ya karantuwa a aji, sai ka hau tudun da aka hau ka ji yadda numfashi ke yankewa. Kullum yana turo mata hotuna: ga dutse, ga ramin ɓuya, ga tsohuwar igwa ta yi tsatsa. Sai dai kowane hoto da wata doguwa mai tabarau a gefensa. Wai Rauda, 'yar ajinsu. Rauda a tudu, Rauda a kwari, haba!

Da kishi ne kaɗai da sauƙi. Matsalar tana Fakku, wajen Kaka Tambaya, mahaifiyar babanta, wadda ba a sa ranar aure a zuri'ar sai ta ɗaga kai. Tana cikin cikin uwarta Turawa suka ɗauki ubanta Namadi soja. Abokan tafiya suka dawo, shi shiru. Wani ya ce ganinsa na ƙarshe a wata kasuwar Habasha ne yana dariya da wata mace. Shi ke nan, magana ta zauna: ya yi aure can, ya watsar da mace da ciki. Da wannan baƙin cikin Kaka ta tsufa.

Ranar da ta ji inda Mutawakkil za shi, cewa ta yi, "Habasha ba ta maido miji. In ya taka ƙasar nan a maida mishi kayanshi!"

Da kuka da roƙo Mas'uda ta samu aka ce a jira ya dawo a gani. To, ga shi ya dawo, an kuwa gani.

Da la'asar ƙawarta Ni'imatu ta shigo tana zare ido.

"Ke, ba gulma ba, wallahi sau biyu ke nan. Shi a babur ɗinshi, wata mai tabarau bayan ɗan kabu-kabu, sun miƙi hanyar Kebbe."

"Kebbe? Wa gare shi a Kebbe?"

"Oho! Ƙila can danginta suke, gaisuwar surukai aka zuwa."

Mas'uda ba ta iya cin tuwo ba. Tana son shi, so mai tsanani, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Amma ba za ta zauna a yi mata abin da aka yi wa uwar Kaka ba. Gari na wayewa ta ce wa mahaifiyarta za ta gaida tsohuwa, ta hau kabu-kabu sai Fakku, can hanyar Kebbe. Da bakinta za ta ce Kaka ta yi gaskiya, a maida kayan.

Tun daga nesa ta hango taro. Tabarmi a ƙofar gida, dattawa zaune sun ɗaga hannuwa, ga babur ɗin Mutawakkil jingine da bango. Har da babanta, wanda ya ce kasuwar Tambuwal za shi!

Ta faɗa cikin gida ko sallama ba ta ƙarasa ba. Ga Kaka a kan tabarma, ga mai tabarau durƙushe gabanta riƙe da takarda.

"Har nan? Har gidan kakata kika shigo?"

"'Yar'uwa, ki saurara..."

"Ni ba 'yar'uwarki ba ce!"

"Mas'uda." Muryarsa ce daga bakin ƙofa. Ya rame, idonsa ja. Ya cire takalmi ya durƙusa nesa kaɗan. "Zauna, don Allah. Yanzu anka ba ni izinin shigowa."

Ta zauna, ba don ta huce ba.

Ya dubi tsohuwa. "Inna, rana ta tara anka kai mu wata maƙabartar sojoji. Malaminmu ya ce kowa ya zaɓi kabari ɗaya ya binciko mai shi. Turawa ba su rubuta sunan uba, sunan mutum da garinsu suka sawa. Ina bin layi sai na ga an rubuta Namadi Fakku."

Kaka ba ta motsa ba.

"Ban yarda ba nan take. Da munka dawo na tambayi dattawa, sunka ce Namadi biyu sunka tafi soja daga garin ga. Malam ya nemo muna takardar ɗaukarshi, an rubuta yana da yatsa guda datse a hannun hagu. Tsofaffin mata ka sanin irin wannan, ni kuwa ba ni shiga gidajen mutane. Shi ya sa na roƙi Rauda."

"Lauje ne," Kaka ta faɗa a hankali. "Innata ta ce lauje ya datse shi, yana yaro."

"Shi ne, Inna. Harbi ya same shi a kan tudu. Wata fuɗu kafin a haife ki ya rasu."

Mas'uda ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa.

"Mi ya hana ka gaya min?" ta ce, da ƙyar.

"Mutuwa ce fa, sahibata. Ba a faɗinta a waya, kuma ba a gaya wa jika kafin kaka ta ji. Na san kina zargina. Kwana fuɗun nan ni ma ban ji daɗinsu ba."

Ta juya ga Rauda za ta ba ta haƙuri. Rauda ta kama hannunta ta matse, ta ce ba komai.

Kaka ta miƙa hannu aka ba ta hoton kabarin. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta daɗe tana shafa rubutun da yatsa.

"Kai yaro, ka yi mishi addu'a?"

"Mun yi, Inna. Mu duka, har da malaminmu."

"Baƙi sun yi mishi..." Ta dubi jikarta. "Ke kuma na san abin da ya kawo ki da sassafe. Ni na zuba miki zargin nan a kai, ki yafe min. A ce wa ubanki ya sa rana. Amma sai an yi wa nawa uban sadaka tukuna."

Mas'uda ta kifa kai a cinyarta ta fashe da kuka. Mutawakkil ya sunkuyar da kai yana share ido da hannun riga.

Tsohuwa ta ɗaga tafukanta biyu.

"Shekara tamanin da 'yan kai ina zagin mutum yana kwance cikin kabari," ta ce. "Baba... Allah ya jiƙanka, Baba."

Daga cikin gida har ƙofar gida aka amsa da amin.