Maganaɗisun da Vern Bai Fitar Ba

Ranar Lahadi da hantsi aka kira ofishin 'yan sanda na wani ɗan gari kusa da Detroit. Wata tsohuwa, Loretta Sobczak, ta dawo daga coci ta tarar an ɗauke motar marigayi mijinta daga gareji.

Sufeto Odell Brandt ya ajiye kofin kofinsa ya tafi. Ubansa shekara talatin ya yi yana ɗaura ƙofofi a masana'antar motoci, don haka da ya ji irin motar sai ya ce, "Tabɗi!"

A nan yankin namu kowa ya san irin waɗannan motoci. A 1964 kamfani ya ƙera guda hamsin kacal domin tsere. Babu rediyo, babu kujerar baya, an yi bonet da ƙofofi da alminiyom don su yi sauƙi, sai inji mai rurin da ke girgiza tagogi. Yau ta asali takan kai dala dubu ɗari tara. Ta jabu kuwa ko kashi ɗaya cikin goma ba ta kaiwa.

"Ita kaɗai Walt ya bar mini," in ji Loretta. "Gobe masanan kamfanin gwanjo za su zo su duba ta. Da kuɗinta zan ɗauki mai jinya in zauna a gidana. In babu ita, sai gidan tsofaffi."

Sufeto ya duba garejin. Ba a fasa kwaɗo ba. An naɗe tamfol ɗin da ake rufe motar tsaf, an ɗora a kan benci. Har hura tayoyi aka yi kafin a tura ta, ga famfon nan a jingine.

"Wannan ɓarawo akwai ladabi," in ji shi. "Misis Sobczak, wa ke da makulli?"

"Ni, da ɗana Curtis. Sai Vern Pickett, aminin Walt, mai sana'ar tantance tsofaffin motoci. Shi ya yi wa motar kuɗi watan jiya. Amma kar ka ɓata lokacinka, Vern shi ya ɗauki akwatin gawar mijina."

Sufeto ya tarar da Curtis a kan barandarsa yana gasa nama.

"Ina kake da safe?"

"Kamun kifi."

"Ina kifin?"

"Sun ƙi cin ƙugiya."

"Ga ƙugiyarka can, gizo-gizo ya yi gida a kanta. Sake wata amsar."

Curtis ya sosa ƙeya. "To, na je ganin gidan tsofaffi ne, a ɓoye. Ko da gwanjon zai ci tura. In Mama ta ji, kashina ya bushe. Ka kira su ka tambaya."

Sufeto ya kira, aka tabbatar. "Kana nan ranar da Vern ya yi wa motar kuɗi?"

"Ina nan. Ko minti goma bai yi ba. Mutumin da ya taɓa kwana biyu a ƙarƙashin mota yana karanta lambobi! Ko maganaɗisunsa bai fitar ba. Ya tsaya daga nesa kamar mai duba mara lafiya, ya sa hannu, ya fita."

Sufeto ya daina rubutu. Duk mai wannan sana'a da ɗan maganaɗisu a aljihu yake yawo. Kafin ya gaishe ka ma ya manna shi a bonet. In ya faɗi ƙasa, alminiyom ne, ta asali ce. In ya kama, ƙarfe ne, an gama magana. An ce Vern ko motar fasto ya gani sai ya manna mata.

Ya koma gidan Loretta ya nemi hotunan motar. Ta kawo su cikin gwangwanin biskit. Ya ɗaga ɗaya ya daɗe yana kallo. Walt ne da sandarsa, yana murmushi, a kan bonet kuwa ga takarda a manne.

"Mene ne wannan?"

"Ai haka yake yi. Tun da ya dawo daga yaƙin Vietnam ba ƙafa ɗaya, bai sake tuƙa ta ba, sai gogewa. In zai tuna wa kansa wani abu, sai ya ɗauki maganaɗisun firij ya manna takarda a nan. Shekara da shekaru ina masa faɗa."

Sufeto ya sake kallon bonet ɗin. Ya ce zai ari hoton.

Ya sami Vern a ƙaton rumbunsa na ajiye motoci a bayan gari, tsoho dogo mai farar hula, yana zaune a kan bokiti.

"Mista Pickett, ina kake da safe?"

"Gida."

"Motarka ta jan motoci tana da ɗanyen taɓo a tayoyi."

"An yi ruwa jiya, Sufeto."

"An yi. Ara mini maganaɗisunka."

Hannun Vern ya tafi aljihu da kansa, sannan ya tsaya.

"Me ya sa ba ka manna wa motar Walt ba?"

Vern ya kau da kai.

"Saboda ka san zai kama," in ji Sufeto.

Vern ya tashi ya ja ƙofar ciki. Ga motar nan, ya shimfiɗa mata bargo. Ya yi magana bai juyo ba.

"Walt ya bar mini ita da zai tafi yaƙi. Ya ce kar in taɓa. Wata uku na daure, sai na kai ta filin tsere, wai sau ɗaya. Na kifar da ita, ta ƙone ƙurmus. Na sayi irinta ta kasuwa, na ciro farantin lambar wadda ta ƙone na ɗaura mata, na yi fenti. Na ce in ya dawo zan faɗa masa. Sai ya dawo a keken guragu. Da wane baki?"

"Sai ka zama mai tona asirin motocin jabu."

"Fiye da ɗari na tona. Duk wadda na tona, tawa nake gani. Loretta ta ce in yi mata kuɗi, na sa hannu a kan ƙarya. Gobe masana za su zo, cikin minti ɗaya za su gane. Na ce gara a ce an sace ta. Aƙalla Walt ya mutu bai sani ba."

Sufeto ya so ya bar shi haka, kada ya nuna masa hoton, har ya mayar da hannu aljihu. Amma ya tuna da tsohuwar da ke jiran gobe. Ya miƙa masa hoton.

Vern ya sa tabarau. Ya ga Walt, ya ga takardar, ya ga abin da ke riƙe da ita. Ya koma kan bokitin ya zauna.

"Ya sani," in ji shi. "Wayyo Allah, ya sani. Kowace Asabar ina zuwa, ya ba ni giya, mu zauna a gabanta..."

"Da takardar a manne?"

"Ashe kullum kafin in zo sai ya cire ta. Ban taɓa gani ba."

Ya yi kuka sosai, Sufeto ya bar shi ya gama. Daga nan Vern ya miƙo hannuwansa biyu.

"Ba sai da ankwa ba, tashi mu je," in ji Sufeto.

A bakin motar 'yan sanda Vern ya tsaya. "Rumbun nan da duk abin da ke ciki, a ba Loretta. Zai riƙe ta a gidanta. Ka faɗa mata..."

"A'a," in ji Sufeto, ya buɗe masa ƙofa. "Gidanta yana kan hanyarmu. Wannan karon da bakinka za ka faɗa."