Maciji a Bayan Kabad

Wata yarinya ce 'yar aji biyar. Babanta direban motar kamfani ne. Da aka canza masa wurin aiki, sai suka tattara kayansu suka koma wani gari mai nisa. Aka sa ta a sabuwar makaranta.

Yarensu ɗaya da mutanen garin, amma harshe ya bambanta. Su suna magana da sauri, suna datse kalmomi. Ita kuwa, kamar kowa a garinsu, takan ja ƙarshen magana, muryarta tana hawa tana sauka.

Ranar farko Malama ta ce mata, "Tashi ki gaida 'yan ajinku."

Ta tashi ta gaishe su. Ba ta rufe baki ba aji ya fashe da dariya. Monitan ajin, wani yaro mai shegen tsokana, ya riƙe ciki ya ce, "Kai jama'a! Wannan magana ce ko busar sarewa?"

Malama ta tsawatar, amma suna ya riga ya zauna. Daga ranar kowa Sarewa yake ce mata. Ko ruwa ta ce za ta sha, sai wani ya kwaikwayi muryarta.

Sai yarinyar ta yanke shawara ita kaɗai. Ta ce a ranta, "Tunda bakina ne abin dariya, na kulle shi." Idan an kira sunanta, sai ta ɗaga hannu. Idan an yi tambaya, sai ta sunkuyar da kai ko da ta san amsa. Sati uku tana haka.

Yarinya ɗaya ce ba ta yi mata dariya. Ana ce mata Mai Tabarau, kuma bencinsu ɗaya. Takan ara mata abin goge rubutu, takan raba mata biskit.

Wata rana Mai Tabarau ta ce, "Ni fa wallahi maganarki tana min daɗi. Ki ce wani abu mana."

Yarinyar ta yi murmushi kawai. Tana tsoron ko wannan ma tarko ne.

To, a ajin nan akwai wani tsohon kabad na katako a kusurwa, inda ake ajiye littattafai. Tsakaninsa da bango akwai ɗan lungu mai duhu. A nan ake cusa tsintsiyoyi. Duk wanda shara ta zo kansa, sai ya zura hannu ya lalubo tsintsiya, ko dubawa ba ya yi. Ana yin sharar ne bayan an tashi.

Wata Talata Baba ya sauke ta da wuri, don yana sauri. Ita ce ta fara shiga aji. Tana ajiye jaka sai ta ji wata ƙara, shhh, shhh, kamar ruwa ya zuba a kan garwashi. Ta waiga.

Maciji ne. Gajere, launin ƙasa, da zane-zane a bayansa. Ya naɗe yana goga jikinsa da jikinsa. Sannan ya warware a hankali, ya sulale bayan kabad.

Ta san irin wannan macijin. A gonar kakarta ta taɓa ganinsa, kuma ranar kaka ta fizge ta da ƙarfi har zanenta ya yage.

Ta nufi ƙofa za ta yi ihu. Sai ga Monita da abokansa suna shigowa.

"A'a, Sarewa ce da sassafe! Ɗan busa mana ina kwana mana."

Sai ta fasa ihun. Ta koma ta zauna. Ta ce a ranta, "Ƙila ya fita ta wani rami. Ai ba a taɓa tsintsiya sai an tashi. Kafin nan Baba ya zo, sai in faɗa masa, shi ya faɗa musu."

Malama ta shigo, aka fara lissafi. Yarinyar ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Idonta yana kan kabad. Duk sanda fensirin wani ya faɗi ya gangara wajen, sai ta zabura.

Can ta daure ta ɗaga hannu.

Malama ta yi mamaki. Ta ce, "Ikon Allah! Yau ke ce? Muna jin ki."

Monita ya rage murya ya ce, "Ku yi shiru, za a busa." Na kusa da shi suka fara ƙyalƙyala.

Yarinyar ta sauke hannu, ta girgiza kai.

Malama ta ce, "To, in kin shirya kya faɗa."

Kafin a fita hutun tara, Malama ta juya da sauri, gefen mayafinta ya ture kwalin alli. Alli ya farfashe, ya watsu a ƙasa.

"Kash! Mai Tabarau, ɗauko tsintsiya ki share nan, kar a tattaka."

Mai Tabarau ta tashi. Yarinyar ta kama gefen rigarta ta riƙe gam.

"Mene ne? Sake ni mana, Malama na jira."

Bakinta ya buɗe, amma duk aji sun juyo suna kallonta. Sai ta saki rigar.

Mai Tabarau ta zura hannu bayan kabad.

"Wayyo Allah! Wayyo hannuna!"

Ta yi baya tana yarfe hannu. Malama ta ruga ta riƙe ta. A gefen ɗan yatsanta akwai ɗan jini. Malama ta leƙa lungun. Duhu ne, ba ta ga komai ba sai wata ƙusa da ta leƙo daga katakon.

"Ƙusa ce ta soke ki. Yi haƙuri, 'yata, daina kuka."

Ta goge wurin da auduga, ta shafa magani, ta ce, "Zauna ki huta. In an tashi sai a kai ki a yi miki allura."

Sai an tashi! Saura awa huɗu.

Mai Tabarau ta dawo benci ta kifa kai. Yarinyar tana kallon hannun. Ya fara kumbura. Audugar ta jiƙe da jini, kuma jinin ya ƙi tsayawa.

Mai Tabarau ta ce a hankali, "Zafi nake ji har kafaɗa. Jiri nake gani."

Yarinyar ta tuna abin da kaka ta faɗa mata a gona: wanda wannan macijin ya sara, ba a jira da shi. Ta kalli Monita. Ta kalli hannun ƙawarta. Sai ta miƙe, benci ya yi ƙara.

"Malama! Ba ƙusa ba ce! Maciji ne! Na gan shi da idona ya shiga bayan kabad! Don Allah a kai ta asibiti yanzu!"

Muryarta ta fito yadda take, da hawanta da saukarta, har a ajin da ke kusa an ji. Ba wanda ya yi dariya. Yara suka haye kan bencina suna ihu.

Malama ta ce, "Innalillahi! Kowa ya fita waje! Monita, ruga ka kira Hedimasta!"

Hedimasta ya ɗauki Mai Tabarau a hannu ya sa ta a motarsa. Ya juyo ya ce wa yarinyar, "Ke da kika gan shi, shigo mu tafi."

A hanya Malama ta riƙe hannun da aka sara don kada ya motsa. Mai Tabarau ta daina kuka, sai nishi. Wannan shirun ya fi kukan ba yarinyar tsoro.

A asibiti likita ya tambaya, "Wane irin maciji ne? Wa ya gani?"

Aka turo yarinyar gaba. Ga nas biyu, ga mutane suna kallo. Ta daure ta yi bayani. Ta faɗi tsawonsa da launinsa da zanen bayansa, da ƙarar da yake yi in ya naɗe.

Ta ce, "A garinmu kububuwa ake ce masa."

Likita ya ce, "Mu ma nan haka muke ce masa. Madalla, kin rage mana aiki." Ya juya wajen nas. "Kawo maganin dafi, maza!"

Aka shiga da Mai Tabarau aka rufe ƙofa. Yarinyar ta zauna a kan bencin ƙarfe. Ba ta san tsawon lokacin da ta yi a wurin ba. Duk sanda ƙofar ta motsa sai ta miƙe.

Mamanta ta iso a gigice, takalmanta ma ba iri ɗaya ba ne. Ta shafa kanta, ta duba hannayenta da ƙafafunta.

"Ke ba abin da ya same ki ko? Faɗa min gaskiya!"

Sai yarinyar ta fashe da kuka. "Mama, laifina ne. Tun da safe na gan shi. Na yi shiru don kar su yi min dariya. In ta mutu, ni na kashe ta."

Mama ta zauna ta jawo ta jikinta.

"Kin yi kuskure babba, ba zan ɓoye miki ba. Amma ni ma ina da laifi. Kin san tunda muka zo garin nan, in na je kasuwa da yatsa nake nuna abin da zan saya? Ko taya kaya ba na yi, don kar a ji harshena. A wurina kika gani."

"Ke ma, Mama?"

"Ni ma. To, daga yau mun daina, ni da ke. Da wannan harshen kakarki ta rene ni, da shi nake miki addu'a kullum. Ba sato shi muka yi ba."

Ƙofa ta buɗe. Likita ya fito yana cire safar hannu.

"Alhamdu lillahi, jinin ya tsaya. Za ta kwana uku a nan, amma za ta warke. Da kun jira har a tashi daga makaranta, da labari ya sha bamban."

Malama ta samu wuri ta zauna. Yarinyar ta matsa kusa da ita, ta faɗa mata komai, har da hannun da ta ɗaga ta sauke.

Malama ta ce, "Ni ma da na tsaya na tambaye ki, da ba a kai nan ba. Ki je ki faɗa wa ƙawarki da bakinki."

Washegari suka je dubiya ita da Mama. Yarinyar ta durƙusa gefen gado ta ce, "Ki yafe min. Na gan shi, na yi shiru."

Mai Tabarau ta harare ta ta saman tabarau. "Wato sai da maciji ya sare ni sannan zan ji muryarki? To, na yafe. Amma tararki ita ce ki zauna ki ba ni labari har in yi barci."

Ta ba ta labarin gonar kaka, da akuyar da ta cinye hular kawunta. Mai Tabarau ta yi ta dariya har nas ta leƙo ta ce su rage murya.

A makaranta, mai gadi ya janye kabad ya kashe macijin. Aka toshe ramin da ke bango, aka rataye tsintsiyoyi a fili. Monita ya zo yana sosa ƙeya ya ba ta haƙuri. Har yanzu akan samu wani ya yi 'yar dariya idan tana karatu. Ita kuwa sai ta ƙara ɗaga murya, ta kai ƙarshen shafi.

Yara, kowa da irin harshen da ya taso da shi, kuma babu wanda nasa abin kunya ne. Kada ku yi wa kowa dariya don maganarsa ta bambanta da taku. Kuma don Allah, in kun ga haɗari ku buɗe baki ku faɗa da wuri. Dariya ba ta kisa, amma shiru ya kusa kashe Mai Tabarau.