Ƙwallon da Bahago Ya Ci

"Ki gaya masa kada ya ƙara taka ƙofar gidan nan."

Abin da Baba ya fara faɗa ke nan da suka dawo daga filin wasa. Ya cire jar hularsa ya wurga kan kujera. Auta ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, wallahi ba kai ya nuna ba. Ni ya nuna."

"To sai ki je ki bi mutanen nan gida gida ki gaya musu."

Umma ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "An ci ku ke nan?"

"An binne mu," in ji Baba. "Kuma surukinki ne ya riƙe shebur."

Duk garin da Tsohon Gola aka san Baba. Yana saurayi ƙungiyar ƙwallo ɗaya ce tak a garin, ta ma'aikatan jirgin ƙasa, masu jar riga. Su suka share filin da hannunsu bayan an tashi aiki. Shekarar da suka ɗauko kofi, wani mai motocin haya da ke tsallaken layin dogo ya zuga rabin 'yan wasan, ya ɗinka musu shuɗiyar riga. Ya karɓi kofin wai zai kai a goge. Har yau kofin yana ofishinsu. Tun daga nan garin ya rabu, Ja da Shuɗi. Ɗan Ja ba ya aski wurin wanzamin Shuɗi, ko da gashi zai rufe masa ido. Cikin waɗanda suka tsallaka har da ƙanin Baba, uwa ɗaya uba ɗaya. Bai ƙara yi masa magana ba sai da ya tsaya a kan gawarsa.

A wannan gidan Auta ta kawo Bahago, ɗan gaban Shuɗi. Da ƙyar da roƙon Umma Baba ya fara amsa gaisuwarsa, har aka soma maganar turo manya.

Sai wasan yau, na ƙarshen kaka. Canjaras kawai Ja take nema ta tsira daga faɗawa rukuni na biyu. Ana dab da tashi Bahago ya juya ya ɗaɗa ƙwallo da hagu, ta shige raga. Maimakon ya ruga wurin mutanensa, sai ya nufo ɓangaren Ja da gudu, ya tsaya a jikin wayar da ta kewaye filin, ya dafa ƙirji, ya miƙa yatsa inda Auta take zaune. Ita kuwa kafaɗa da kafaɗa take da Baba. Ba wanda ya ga yarinya. Tsohon Gola kowa ya gani, da yatsan ɗan Shuɗi a fuskarsa. Robobin ruwa suka fara tashi. Wani daga baya ya ce, "Gola, ɗanka yana gaishe ka," aka kwashe da dariya mai ɗaci.

"Na tsare ragar nan har yatsuna suka karkace," in ji Baba, yana ɗaga hannun. "Ba a taɓa yi mini dariya a filina ba sai yau. Na gama magana."

Washegari Bahago ya same ta a shagon ɗinkin da take aiki. Ta fito da shi bayan shagon, almakashi na hannunta ta manta ba ta ajiye ba.

"Rabin raina..."

"Kada ka rabin raina ni. Kanka ɗaya kuwa?"

"Na yi miki alkawari in na ci zan nuna ki."

"A wasan da za a jefa ubana rami? Yana zaune a gefena? Ƙafarka ce kawai ke tunani?"

"Lokacin ba na ganin kowa, Auta. Ke kaɗai na gani."

"Su kuma dubban mutanen can duwatsu ne?"

Ya sunkuyar da kai. Ta ji tausayinsa, sai hakan ya ƙara mata haushi.

"Ya ce kada ka ƙara zuwa. Ka san shi, in ya ce ya gama, ya gama."

"To me zan yi? In je in ciro ƙwallon daga raga?"

Tun jiya take juya maganar. "Kwantiraginka ya ƙare. Ja tana buƙatar ɗan gaba da zai dawo da ita. Ka je ka ce masa za ka bar Shuɗi, ka sa jar riga."

Ya ɗago ya dube ta kamar ta mare shi. "Tun ina tsintar ƙwallo a bayan raga nake Shuɗi. Tsohona a kafaɗa yake ɗaukata zuwa filin nan."

"Ni kuma a bola aka tsince ni?"

"Ba haka nake nufi ba..."

"Riga ce, Bahago. Yadi ne. Kullum yanka shi nake. Ni ko ita?"

Ya kawar da kai. "Zan je," ya ce. Ya tafi bai yi mata sallama ba.

Da yamma ya zo. Baba na tsakar gida a kan benci, ya baje ragar kulob a cinya yana ɗaure inda ta tsinke, aikin da ba wanda ya sa shi kuma ba wanda ya isa ya karɓe. Auta ta tsaya a ƙofar ɗaki. Umma ta ja kujera kusa da kicin, wai tsintar wake take.

Bahago ya durƙusa ya gaishe shi. Baba bai ɗago ba.

"Baba, na zo ba da haƙuri ne. Abin da na yi a jikin waya kuskure ne. Ba da kai nake ba."

Igiya kawai ke motsi.

"Kuma... na yanke shawara. Zan bar Shuɗi. In kun karɓe ni, zan buga wa Ja."

Hannun Baba ya tsaya. Auta ta saki numfashi, ta ɗauka an zo wurin.

"Maimaita."

"Zan bar Shuɗi, Baba."

"Me suka yi maka?"

"Ba komai."

"Sun hana ka wasa? Sun wulaƙanta ka?"

"A'a."

"Su suka raine ka?"

"Su ne."

Baba ya ture ragar ta zube ƙasa, ya miƙe. Auta ba ta taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba, ko jiya.

"Tashi ka fita. Jiya na ɗauka mara kunya ne kai. Ashe abin ya fi haka. Ka zo gidana ka yi mini tallan abin da ya raba ni da ɗan'uwana? An kaɗa maka abu, ka tuɓe rigar da ta rufa maka asiri. Yau riga ka tuɓe saboda mace. Gobe wa za ka tuɓe? 'Yata?"

"Baba, ni na ce masa..." Auta ta fara.

"Ke rufe mini baki. A gidan nan aka haife ki, amma ba ki san komai ba. Na ƙi Shuɗi, zan mutu ina ƙin ta. Amma gara mini maƙiyi a tsaye da masoyin da ake juyawa kamar waina a tanda."

Bahago ya miƙe a hankali. Auta ta ga alamar zai yi magana, ta girgiza masa kai. Bai ko kalle ta ba.

"To Baba, tunda haka ne bari in faɗi gaskiya. Ba na son jar rigarku. Na yi nadamar zuwa jikin waya, wannan rashin hankali ne. Amma ƙwallon nan ban yi nadamarta ba. Aikina ne. Golanku ya fito da wuri, ya bar mini kusurwa kamar ƙofar gareji. In kun dawo rukuninmu, zan sake ci. Auta kuma ina sonta, ko ka ba ni ko ka hana ni."

Umma ta daina tsintar wake. Auta ta dafa bango, hawaye suka zubo mata. Shi ke nan, ta ce a ranta, ni na kashe aurena da bakina.

Baba ya tako har gabansa. Ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Ya fito da wuri," ya ce.

"Ƙwarai."

"Tun bara nake gaya wa jakin yaron nan ya tsaya a layinsa." Ya ja tsaki. "Da ni ne a ragar, da kai da hagunka ba ku ga komai ba."

"Da mun gwada, Baba."

"Ji ɗan banza." Ya koma ya zauna, ya jawo ragar. "Ranar da 'yan Ja suka taru a kulob za ka zo. A shuɗiyar rigarka za ka zo, kada ka ɓoye ta. Ka tsaya gabansu ka faɗi wadda ka nuna. Za su zage ka, su zagi kakanka. In ka iya tsayawa har su gaji, ka turo manyanka."

"Zan zo."

"Ban tambaye ka ba. Fita."

Auta ta bi shi zuwa ƙofar gida tana share fuska. Ya juyo, har yanzu ransa a ɓace.

"Kin ce yadi ne."

"Na faɗa. Ka yafe mini, masoyina... tsoro ne ya sa."

"Kada ki ƙara sa ni zaɓa."

"Kai ma kada ka ƙara nuna ni a fili."

Ya kusa yin murmushi, ya danne. Daga ciki suka jiyo Umma tana cewa, "To Malam, jikokin fa? Ja ko Shuɗi?"

"Duk wanda ya zaɓi Shuɗi," in ji Baba, "ya nemi wani kakan."