Addu'ar Baba Mordecai

A ɗakin karatu na jami'a, can Samaru, Winifred ta fara ganinsa. Ita ba mai kallon samari ba ce, littafi ne ƙawarta tun tana ƙarama. Amma na gabanta ya hana ta sakat: ya karanta layi biyu, ya ɗauki waya, ya yi murmushi, ya ajiye, ya koma farkon shafin.

Da abin ya ishe ta, ta ce, "Malam, tun ɗazu shafi ɗaya kake."

Ya ɗago yana dariya. "Ashe ke ma ba littafin kike karantawa ba, ni kike karantawa. Sunana Japheth."

Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Daga ranar ya laƙaba mata Malamata, ita kuma ta koma ce masa Jaf.

Soyayya ta yi daɗi, sai dai kullum su uku ne da waya. A cikin wayar kuma akwai Stephanie, 'yar ajinsu mai bidiyon barkwanci, wadda ba ta gajiya da turo masa. Duk ƙarar saƙo, sai Winifred ta ji kamar an soka mata allura.

Wata rana suna cin gasasshiyar masara ta tsaya ta ce, "Jaf, me na ce yanzu?"

Ya ɗago daga wayar. "Maganar jarrabawa, ko?"

"Cewa na yi ina son ka. Yau na fara faɗa da bakina."

Ya yi ta ba da haƙuri, ta haƙura, amma abin ya tsaya mata a wuya.

Da suka kusa gama makaranta ya je Jushi gaida iyayenta. Mahaifinta, Baba Mordecai, dattijon ikilisiya ne da kowa ya san shi da doguwar addu'a. Sai ya ambaci dangi ɗaya bayan ɗaya, daga Kafanchan har Legas, tuwo ya huce bai kai Amin ba. Ana tsakiyar addu'a waya ta yi motsi. Winifred ta buɗe ido ɗaya, ta ga yatsan Japheth na tafiya a kan gilashi, ga sunan Stephanie a sama.

Bayan Amin Baba ya ce, "Yaro, me na roƙa maka?"

Japheth ya hau sosa ƙeya.

"Wanda bai iya sauraro a gaban Ubangiji ba, yaya zai saurari 'yata? Ka gaida gida."

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Malamata, wallahi babu komai tsakanina da ita. Hannuna ne ke zuwa da kansa. Ko shafi ɗaya ban iya gamawa, tsoro nake ji."

Ta amsa: "Je ka auri Stephanie, ita kake saurara."

Kashegari ya shiga kasuwar waya ta PZ ya musanya wayar da ƙarama mai tocila, ya canja lamba. Da farko ya sha wuya, yana ta lalube aljihu kamar wanda kunama ta shige wa riga. Sannu a hankali shafi ya zama babi. Winifred ta dawo zama kusa da shi, amma kishin bai bar ta ba, ballantana da Stephanie ta tare ta a bakin aji ta ce, "Kin mayar mana da Jaf tsoho. Ni dai na san abin da ke ba shi dariya."

Jaf! Har sunan da ta raɗa masa!

Bayan an fito da sakamako, Baba ya yarda Japheth ya sake zuwa. Aka rufe ido, Baba ya kama dangi. Bai wuce na Zonkwa ba, ƙaramar wayar ta yi motsi a aljihun Japheth. Bai ko motsa ba. Amma hankalin Winifred ya tafi: wato har Stephanie ta samu sabuwar lambar? Wa ya ba ta? Me ta rubuto? Ta tsara faɗa a ranta tun daga farko har ƙarshe.

Sai ji ta yi an ce Amin, Mama ta rangaɗa guɗa, Japheth ya zube a gaban Baba yana hawaye. "Na gode, Baba! Na gode!"

"Me ya faru?" in ji Winifred.

Baba ya zare tabarau ya dube ta. "Tsakanin gwaggonki ta Kagoro da masu jinya na ce, Ubangiji ka albarkaci wannan yaro da na ba shi 'yata. Shi ya ji. Ke ina kika tafi?"

Ta rufe fuska da ɗankwali. Japheth ya miƙo mata wayar. Saƙon kawunsa Celestine ne: "Ya ake ciki? Tsohon ya yarda?"

"Malamata," ya raɗa mata, "me Baba ya ce yanzu?"

Ta kai masa duka tana dariya tana kuka.

An ɗaura auren a cocinsu na Sabon Gari. Stephanie ce ma ta ɗauki bidiyo, amarya kuwa sau ɗaya kawai ta harare ta. Baba ya sa musu albarka, ya roƙa musu zaman lafiya da 'ya'ya masu jin magana, har shinkafar biki ta huce. Ango da amarya, hannu cikin hannu, babu kalmar da ta wuce su.