Yatsa Ɗaya, Kati Biyu

"Duba da idonka!" Na juya masa kwamfutar. "Yatsa ɗaya, kati biyu, kowanne da hotonka."

Dogo ya sunkuya ya ƙura wa allon ido. Malamin firamare ne, saura wata biyu aurenmu.

"Masoyiyata, sau ɗaya na yi rajista. Ke ma kin gan ni a layi."

"To wannan daga sama ya faɗo?"

"Ƙarya nake yi ke nan?"

Na mayar da idona kan kwamfutar. Ya fita, ya ja ƙofar a hankali.

Shekara ɗaya da rabi ina gina manhajar rajistar masu zaɓe. Ni na rubuta ɓangaren da ke kamo mai rajista sau biyu, sai ga shi ya fara da wanda zan aura. Ƙa'ida ta ce in miƙa sunan. Na miƙa.

Labari ya riga ni isa gida.

"Ɓarawon ƙuri'a ba zai zama surukina ba," in ji Baba. "An fasa!"

"Baba, wa ya gaya maka?"

"Abokin aikinki, mai kula da rumbun bayanai. Yaron kirki, har gida ya tako."

Sau biyu mutumin nan ya ce yana sona, sau biyu na ba shi haƙuri.

Washegari na buɗe tarihin shigar da bayanai. Rajista ta biyun ba daga wata cibiya ta fito ba. Daga teburin mai kula da rumbun, wanda ke kusa da nawa, aka kwafe ta, ran da na tafi asibiti. Na buga takardar, na kai wa shugabanmu, na kai wa Baba. Kafin la'asar an karɓe makullan mutumin, an wanke Dogo.

Baba ya daɗe yana juya takardar. "Tashi ki je. Ki ce ina tafe da kaina."

Na samu Dogo a aji, hannunsa duk alli. Ya fito bakin ƙofa.

"Na zalunce ka... Ka yafe min."

"Miƙa sunana daidai ne, aikinki ne. Rashin yarda da ni ne ya yi min ciwo."

"Na sani."

Ya kalle ni, ya kalli ajin. "Saura minti arba'in in gama darasi, amaryata. Za ki iya jira?"

Ya fito min da kujerarsa. Na zauna.