Fitilar da Ba Ta Jin Roƙo

Chizuru na kallon katunan da suka rage mata. Ta ɗago ta dubi Tatsuro, shi kuma ya ƙi dubanta.

Wasan ƙarshe ne, a wani shagon kati da ke saman bene a lungun Nipponbashi na birnin Osaka, inda nake alƙalanci duk Asabar tun da matata ta rasu ta bar ni da littattafan da ba sa amsa magana. Wanda ya ci zai sami gurbi a ƙungiyar ƙwararru a Tokyo. Kowa a ɗakin ya san sharaɗin da mahaifin Tatsuro ya gindaya masa: in ya faɗi, ya tattara ya koma Wakayama ya karɓi shagon tofu, wato awara, ya manta da kati, ya manta da Chizuru, "'yar Osakan nan" da uwarsa ta ce ita ta lalata shi.

Ƙaddara kuwa ba ta da kunya, sai ta haɗa su biyun a tebur ɗaya. Saranda kuma babu dama, don dokar gasar ta ce wanda ya bar wa wani wasa da gangan, a kore su duka.

Ƙa'idar wasan ba ta da wuya. Kowane sihiri da duwatsun ƙarfi ake biyansa. In ka jefa sihiri ba ya aiki nan take, sai abokin karawarka ya sami damar amsawa. Abin da aka jefa daga baya shi ke fara aiki. In ka ce "wuce", ka rufe ƙofa da hannunka.

Tatsuro ya juya duwatsun ƙarfinsa kaf, bai rage ko ɗaya ba, ya ajiye Dodon Toka a tsakiyar tebur. In dodon ya sauka ya kai hari, wasa ya ƙare.

"Akwai amsa?" ya ce.

Ina tsaye a bayanta, na ga katin da zai iya tare dodon a hannunta. Amma abin da ke hannu sirrin mai shi ne, ba wanda zai tilasta mata jefawa.

"Babu..." ta ce. "Wuce."

Ya sauke numfashi. Sai wata murya ta kira ni da sunan da suke kirana, Sensei, wato malam.

"Sensei, fitilar fa?"

Kanae ce, 'yar maƙwabtan su Tatsuro a Wakayama, wadda uwarsa ke aiko wa da lemun gonarsu duk hunturu. Ta faɗi tun zagayen farko, amma ta ƙi tafiya gida. Ta nuna gefen teburin Chizuru da farcenta, tana murmushin da ake yi wa marar lafiya.

Fitilar Mai Jira. Kati ne marar amfani da ba wanda ke sawa a gasa. Tatsuro ne ya ba Chizuru ranar da suka fara fita, suna cin takoyaki, wata 'yar wainar titi, a bakin kogi, ya ce matar da ke jikin zanen ta yi kama da ita. Ta cusa shi cikin katunanta don kawai ya zauna kusa da ita, ta ajiye shi a kan tebur tun farkon wasa, su duka suka manta da shi.

Na ɗauka na karanta. Duk sihirin da ya cinye duwatsun mai shi kaf, dole fitila ta kashe shi. Na sake karantawa, ko Allah zai sa harafi ya canja. Na koyar da adabi har na yi ritaya, ban taɓa ganin rubutu ya ji tausayin mai karatu ba.

"Sensei, ai na manta da ita," in ji Chizuru. "Abin da aka manta ya wuce, ko ba haka ba? Don Allah..."

Na gaya mata cewa da a ce katin ya ce "kana iya", da mantuwa ta isa. Wannan kuwa ba ya neman izininta, kuma dodon bai kai hari ba tukuna, don haka sai an koma baya.

Fitila ta kashe dodon, ba shi da sauran dutse, wasa ya kuɓuce wa Tatsuro, ya kifa katunansa. Akwai mai fasa fitila a ciki, dutse ɗaya tak yake bukata, amma kamata ya yi ya jefa shi tun kafin dodon ya bar hannunsa.

Ya yi wata 'yar dariya, ya kira ta da sunan shagwaɓa.

"Chii-chan, wa ke sa wannan shara a gasa?"

"Ni," ta ce, hawaye na ɗiga a kan katunanta.

Ya miƙe ya sunkuya mata, ya gode da wasa kamar yadda ake yi. Kanae kuwa tuni ta fita matakala da waya a kunne, ana jin ta tana ce wa uwar Tatsuro, "Mama, yana dawowa."

Sauran labarin Chizuru ce ta ba ni bayan mako guda, muna jera kujeru. Ta raka shi tashar jirgin ƙasa ta Namba da rana tsaka. Ta riga ta yanke: in ya ce ta biyo shi, za ta watsar da Tokyo, ta koyi tashin asuba da jiƙa waken suya, ta jure idon uwarsa. Shi kuwa sai zancen zafi yake yi da cunkoson jirgi. Ya miƙa mata akwatin katunansa ya ce ba shi da inda zai ajiye.

"Tatsu-kun... babu abin da za ka ce mini?"

Abin da ya ce kawai shi ne:

"Ki cire fitilar nan. A Tokyo dariya za su yi miki."

Ƙofar jirgi ta rufe.

Na tambaye ta me ya hana ita ta faɗa. Ta ce katinta na amsa ne, ba a jefa shi sai an fara jefo wani. Ina jin shi kuma ya lissafa ya ga ba shi da sauran dutsen da zai biya. Na so in ce musu wani abu, amma alƙali ba ya koya wa 'yan wasa jifa, kuma ni da kalmomina suka makara a bakin kabarin matata ba ni da bakin magana.

An ce ya auri Kanae a lokacin kaka. An ce tofunsa ba laifi.

Chizuru na Tokyo. Wani lokaci mai shago kan kunna wasanta a talabijin ɗin bango, yara su taru. Har yanzu fitilar na cikin katunanta. Duk sanda ta ajiye ta, masu sharhi sai sun yi dariya, ita kuma sai ta ɗora yatsa a kai ta ce wa abokin karawarta ya karanta da kyau kafin ya jefa.