Shafi na Arba'in da Ɗaya

Kwana goma sha tara Auta ta yi a ɗakin da ta bari ranar aurenta. Ko ashirin ne? Lissafin kwanaki ya soma kuɓuce mini, amma labulen ɗakin shuɗi ne, wannan kam na riƙe. Ba a kulle ƙofa ba, ba a ƙwace mata waya ba. Magana ɗaya mahaifinta ya yi: "Ranar da mijinki ya sa hannu, ranar za ki koma." Maganar uba kuwa ta fi kwaɗo riƙe ƙofa.

Mahaifin nata shi ne shugaban wani kamfanin fenti da ake sayar da hannun jarinsa a kasuwa, kowa na iya saye, daga attajiri har mai ɗinki. Mijinta kuma shi ne babban akantan kamfanin. Mai Jan Biro take ce masa, don ko takardar cefane ta miƙa masa sai ya gyara. A shekarar kamfani ya faɗi, babu ribar da za a raba wa masu hannun jari. Duk da haka daraktoci suka ninka wa kansu alawus ɗin zama, suka yanka wa Shugaba bonas da motoci biyu. Ƙa'ida ce a bayyana abin da kowannensu ya karɓa a rahoton shekara. Shugaba ya ce a rubuta tsurar albashi kawai, sauran a cusa ƙarƙashin "kashe-kashe daban-daban". Akanta ya ajiye biro.

"Wai kai ba ka kewata ne?" Auta ta ce masa a waya. "Sa hannu ɗaya fa! Filis, don Allah!"

"Wallahi gidan nan ya zama kango, Auta. Jiya ma kofi biyu na haɗa shayi, na manta ba kya nan. Amma mutum dubu goma sha ɗaya ne suka ba mu amanar kuɗinsu."

"To ni fa? Ni ba amana ba ce?"

"Ki yi haƙuri..."

"Haƙuri! Kowa haƙuri!" Ta kashe waya, ta kifa kai a filo, ta yi kuka har ta gode Allah.

Momi ta leƙo. "Ke ma da sanyin jiki! Ki ce masa ko biro ko ke. Ran Litinin za a kai rahoto wajen bugawa. Dadinku ya rantse in babu sa hannu, zai kore shi daga aiki, ya karɓo takardarki."

"Momi, ba zan sa shi ya sayar da gaskiyarsa don ni ba. Dadi kuma ba zan tsallake maganarsa ba."

"Sai ki zauna ki ruɓe a nan!"

Gaba kura, baya siyaki. Ta zauna.

Af, na so in manta da Kaka, alhali ita ce labarin. Mahaifiyar Shugaba ce, tana sashen baya. Hannun jari ɗari uku gare ta, da kuɗin ɗinki ta saya tun ɗanta yana ƙaramin ma'aikaci a kamfanin. Idonta ya yi rauni, don haka kowace shekara, kafin a buga rahoto, ɗan nata kan kawo shi da kansa, Auta ta karanta mata. Da safiyar Asabar ta aika a kawo mata na bana. Shugaba bai iya cewa a'a ba.

"Ke, ina angona?" in ji Kaka. "Kin kore shi ne don kin ga ni ya fi so?"

"Aiki ne ya yi masa yawa, Kaka."

"Uhm. Tsallake dogon surutun nan, kai ni shafi na arba'in da ɗaya, in ji abin da ɗana ya ci bana."

Auta ta buɗe. Ga ɗan adadin a rubuce, ita kuwa ta san na gaskiyar. Kalma ɗaya za ta faɗa ta kuɓuta, amma ta tsiraita ubanta a gaban uwarsa. Ta dube shi, idonsa na kan darduma. Ta karanta abin da ke shafin, ba ƙari.

Kaka ta lanƙwasa yatsu tana lissafi. "Sake faɗa. Ai bara da alawus da komai ya fi haka nesa!"

"Haka aka rubuta, Kaka."

Sai hawaye a fuskar tsohuwa. "Ɗan albarka! An ce babu riba bana, ashe kai ma ka rage wa kanka don ka ɗanɗana abin da muka ɗanɗana! Shekaranjiya matar tsohon direban kamfani ta zo tana kuka, da ribar nan take biya wa marayunta makaranta. Tana ta tsine wa manya, na ce banda ɗana, ban ba shi nonon cin amana ba." Ta laluba ƙarƙashin matashi, ta zaro 'yan takardun kuɗi a nannaɗe. "Ungo, ka ƙara ka sa mai a mota. Kada ka ji kunya, ni na haife ka."

Mutumin da daraktoci ke miƙewa in ya shigo, sai ga shi a durƙushe, ya kasa karɓa.

A ranar ya kira taron gaggawa. Ya mayar da bonas, ya mayar da motoci, ya ce a soke alawus ɗin baki ɗaya. Daraktoci biyu suka fice da fushi, ko uku ne, Allah masani. Kafin yamma abin da ke shafi na arba'in da ɗaya ya zama gaskiya.

Sannan ya kira surukinsa. "Zo da bironka. Ka zo da mota kuma, akwai amanarka a nan."

A bakin ƙofa ya dafa kan Auta. "Kin san komai, kika rufa mini asiri. Ki yafe mini."

"Haba Dadi!" Kuka ya hana ta ƙarasawa.

Kaka ta ɗaga murya daga ciki: "Angona, in ta dame ka, ka dawo da ita ka ɗauke ni!"

A mota Auta ta share ido. "Mai Jan Biro, kofi nawa ka haɗa yau?"

"Biyu. Yau dai ba za a zubar da ɗaya ba."

To, 'ya'yana, ku riƙe wannan ko da ni na manta: dukiyar jama'a amana ce, komai girman kujerar mai riƙonta. Wadda kuma ta ƙi cin fuskar uba, ta ƙi karya gaskiyar miji, ta yi haƙuri a tsakani, Allah kan mayar mata da su duka biyun.